AMANAR RAUNANA: YADDA ZA A GANE CUTAR DA WANDA BA YA IYA KARE KANSA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, abin da muke so mu tattauna a wannan mako shi ne hakkin manyan mutane waɗanda rauni ya kama, har ya zamana cinsu da shansu da wankansu da maganinsu duk suna hannun wani. Muna nufin tsoho da tsohuwa da ƙarfi ya ƙare musu, da mai taɓin hankali, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da makaho da gurgu, da wanda shaye-shaye ya rinjaya. Wasunsu suna asibiti, wasu suna gidan gajiyayyu, wasu suna gidajen mari, mafi yawansu kuwa suna cikin gidajenmu, a hannun ɗan'uwa ko ɗan aiki, alhali mu muna kasuwa ko ofis, ko kuma an yi mana canjin wurin aiki zuwa wani gari.

Jama'a ba su manta da abin da ya faru a watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane wajen 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka a baya. A watan Oktoba na shekarar aka fito da mutum 67 daga wani gida irinsa a Daura, daga baya kuma aka rufe wasu a Katsina da Zariya da Ilori da Ibadan. Abin da ya fi ciwo shi ne, galibin waɗannan mutane danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi musu. A watan Agusta na 2020 kuma 'yan sanda a Kano suka ceto wani magidanci da danginsa suka kulle shekara da shekaru a cikin gida.

Kada wani ya ce wannan ciwo na ƙasarmu ne kaɗai, ko kuwa talauci ne kawai ke kawo shi. A 2011 gidan talabijin na BBC ya nuna yadda ma'aikatan wani asibiti mai suna Winterbourne View, kusa da birnin Biristol a Ingila, suke azabtar da masu raunin fahimta. Aka rufe asibitin, kotu ta sami ma'aikata 11 da laifi, ta ɗaure shida. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kimanin mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka kai shekara 60 ya gamu da wani irin cin zali cikin shekara guda. Ashe ke nan duk inda mai ƙarfi ya keɓanta da mai rauni, ba mai leƙowa, to, ƙofar zalunci a buɗe take.

Cutarwar nan iri-iri ce, kuma wajibi ne a san kowace da alamominta, domin wanda ake cutar sau da yawa ba ya iya faɗa, in ma ya faɗa sai a ce gigin tsufa ne ko maganar mahaukaci.

Ta farko ita ce cutar da jiki: duka, da ɗauri da sarƙa ko igiya, da fizga wajen tayarwa, da ɗura abinci da ƙarfi, da ba da maganin barci fiye da ƙima don a huta da majinyaci. Alamominta su ne ƙujewa ko tabo a wuyan hannu da idon sawu, da kumburi a wuraren da faɗuwa ba ta saba taɓawa ba, kamar cikin damtse, da barcin da ba ya yankewa, da kuma bayanin mai jinya da ke sauyawa duk lokacin da aka tambaye shi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi da azabar Allah ga masu azabtar da mutane a duniya. Kiran duka da sunan horo ko fitar da aljani ba ya mai da shi halal. Ruƙya addu'a ce da karatu, babu bulala a cikinta.

Ta biyu ita ce sakaci, watau barin mutum da yunwa ko ƙishirwa, ko cikin fitsari da bayan gida, ko ƙin ba shi magani a kan lokaci. Alamominta rama, da bushewar leɓe, da wari, da gyambon kwanciya da ke fitowa a ƙugu da diddige idan aka bar marar lafiya a gefe ɗaya ba a juya shi. Masu aikin jinya suna koyar da cewa wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. In wannan ne hukuncin tsare kyanwa, ina ga tsare ɗan Adam?

Ta uku ita ce cutar da zuciya: tsawa, da zagi, da gori, da tsoratarwa, da yi wa dattijo magana kamar yaro, da hana 'yan'uwa ganinsa. Alamarta ita ce ka ga mutum ya yi tsit ko ya razana da zarar wani ya shigo ɗaki, ko ya riƙa duban fuskar mai jinya kafin ya amsa tambaya. A aya ta 23 ta Suratul Isra'i Allah Ya hana ɗa ya furta wa iyayensa tsofaffi ko da mafi ƙanƙantar kalmar ƙosawa. Farkon Suratu Abasa kuwa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda daga baya Annabi ya riƙa wakilta shi a Madina idan ya yi tafiya.

Ta huɗu ita ce cin dukiya, kuma ita ce ta fi shafar masu karanta wannan shafi. Ana karɓe katin banki na tsoho a riƙa kwashe fanshonsa, ko a sa shi ya dangwala yatsa a takardar sayar da gida ko gona alhali bai san abin da ke ciki ba, ko a juya jarinsa a kasuwa ba tare da lissafi ba. Alamarta ka ga mai fansho ko mai gidan haya ba shi da sabulu ba shi da magani, mai kula da shi kuwa ya yi sabon babur. Malaman fiƙihu sun ware babi guda, babin hajru, a kan wanda ba ya iya sarrafa dukiyarsa. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta umurci waliyyi ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga cikinta, ya kuma faɗa masa magana mai daɗi. Saboda haka waliyyi ma'aji ne, dukiyar ba tasa ba ce. Cinikin da aka ƙulla da wanda hankalinsa ya gushe ba ya inganta, kuma alƙali yana da ikon tuɓe waliyyin da ya ci amana.

Ta biyar ita ce keta mutunci ta hanyar fasiƙanci, wadda kunya ke sa a binne ta. Mace mai taɓin hankali ba ta da yardar da shari'a za ta karɓa, kuma an ɗauke mata alƙalami, saboda haka laifin duka yana kan wanda ya aikata. Alamominta jini ko ciwo a al'aura, da wahalar zama, da tsoron wanka, da cikin da ba a san mai shi ba. Haka nan tsiraita majinyaci gaban jama'a, ko ɗaukar hotonsa a yaɗa a waya, duk keta alfarma ne.

Ta shida kuwa ita ce wadda ta zama al'adar wuri gaba ɗaya: ƙofa a kulle kullum, mutum ashirin a ɗaki ɗaya, babu likita, babu rajista, mai ziyara ba ya wuce zaure. A irin wannan wuri ko ma'aikaci na gari yakan saba da mugun abu har ya daina ganin muninsa.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, ya sauke masa jizya, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Masu tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sanya wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira da dukiyar waƙafi, da ɓangaren masu taɓin hankali, ana jinya kyauta. A ƙasarmu ma, a 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti da rana, domin ya lura cewa idon dangi rabin magani ne.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma hana ɗaure majinyaci da sarƙa. Akwai dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 wadda jihohi da yawa suka karɓa. Amma doka ba ta leƙa ɗakin baya, mutane ne ke leƙawa.

To, mene ne abin yi? Wanda ya ba da nasa jinya ya riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba, ya keɓe da majinyacin su biyu, ya duba jikinsa da shimfiɗarsa da maganinsa. Duk wurin da aka hana ka ganin ɗan'uwanka da idonka, kada ka bar shi ya kwana a can. Mai taɓin hankali a kai shi asibitin ƙwararru, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, a haɗa magani da addu'a. Dukiyar tsoho kada a bar ta hannun mutum ɗaya. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, wani na biyu ya riƙa dubawa. Mai jinya kuma a biya shi hakkinsa a kan lokaci, a riƙa karɓarsa ya huta, domin gajiya da rashin barci sukan kai mutumin kirki ga abin da zai yi nadama. Attajirin da ke aiko kuɗi daga nesa ya bar wa ƙanwarsa ko matarsa ɗawainiya dare da rana, ya sani bai gama sauke nauyi ba.

Idan majinyaci ya yi ƙorafi, a saurare shi cikin natsuwa, a rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗa, a raba shi da wanda ake zargi, sa'an nan a kai maganar ga shugaban asibiti, ko ofishin jin daɗin jama'a, ko mai unguwa, ko Hisba, ko 'yan sanda, ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa. Wannan ba annamimanci ba ne. Malamai sun haɗu a kan halaccin ambaton zalunci ga wanda ke da ikon kawar da shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, wanda ya sami ikon tserar da rai daga halaka ya ƙi, akwai lamuni a kansa. Ma'aikacin gwamnati da aka ba aikin duba irin waɗannan gidaje, ya karɓi goro ya sa hannu bai shiga ciki ba, shi ma yana da rabo a cikin alhakin.

Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya sanar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa nasara da arziki suna zuwa ne albarkacin raunana. Saboda haka ɗan kasuwa mai neman buɗi da ma'aikaci mai neman ƙarin girma su duba wanda ke kwance a gida tukuna. Tsufa riga ce da ke jiran duk wanda ya yi nisan kwana, kuma abin da mutum ya shuka shi zai girba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.