Dabarun Kula da Na'urar Sansano Hasken Altirabayolet a Masana'antun Ruwan Leda na Ƙasar Malikanci

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya ratsa kasuwar Maƙarfi ko tashar motar Ikara ko ta Hunkuyi a lokacin bazara, ya san yadda ruwan leda ya zama abin shan talaka da mai kuɗi. Mai saye ba ya tambayar yadda aka tsabtace ruwan, ya dai dubi leda ya ga lamba ya sha. A ƙananan masana'antun da ke yin wannan ruwa kuwa, abu na ƙarshe da ke tsakanin ƙwayar cuta da cikin mai sha shi ne wata fitila mai ba da hasken altirabayolet, wanda ake taƙaitawa da UV. Tana daga cikin kayan aikin da jami'an Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, ke dubawa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana dalilin da ya sa wannan fitila take bukatar na'urar da za ta riƙa auna ƙarfinta, watau sensa, da kuma dabarun da aka ƙirƙiro don ita sensar kanta kada ta yi shaidar zur. Batun ba ƙarami ba ne, domin cikin 2021 kaɗai mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu.

2.0 HASKEN DA IDO BA YA GANI

Wani Bajamushe, Johann Ritter, shi ya fara gano wannan haske cikin 1801. A 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, sannan a 1910 aka fara tsabtace ruwan sha da fitilar UV a birnin Marsai na ƙasar Faransa.

Masana sun kasa hasken gida uku bisa tsawon zangonsa: A daga nanomita 315 zuwa 400, B daga 280 zuwa 315, C kuma daga 100 zuwa 280. Fitilar masu ruwan leda tana ɗauke da tururin zaiba, kuma akasarin haskenta yana fita a nanomita 254, watau cikin rukunin C. Wannan haske yana lalata ƙwayar gadon halittar cuta har ta kasa haihuwa.

Ana lissafin rabon da ruwa ya samu ne ta hanyar ninka ƙarfin haske da tsawon lokacin da ruwan ya yi a gabansa. Alal misali, idan ƙarfin ya kai miliwat 10 a kan murabba'in santimita, ruwa kuma ya yi daƙiƙa 4 yana wucewa, ya samu milijul 40 ke nan. Wannan adadi shi ne ƙa'idar Jamus da Ostiriya, shi ne kuma na rukunin A a ƙa'idar NSF 55 ta Amurka. In ƙarfin ya ragu da rabi, ruwa zai fita da milijul 20 kurum, ba tare da launinsa ko ɗanɗanonsa sun canza ba.

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a nan ko ƙimar bai sani ba. Shuɗin hasken da ma'aikaci ke hangowa ta 'yar tagar injin, ba shi ne ke kashe cuta ba. Masu ƙera fitilar kan ba ta wa'adin kimanin awa 9,000, watau shekara guda da 'yan kwanaki in tana kunne dare da rana, amma takan ci gaba da ba da shuɗin haskenta bayan ƙarfinta ya faɗi. A wata masana'anta da na taɓa ziyarta tare da ɗalibaina, mai kula da injin ya nuna mana hasken nan da alfahari, ya ce tun da aka kafa injin fitilar ba ta taɓa mutuwa ba. Da muka tambayi ranar da aka sa ta, sai aka rasa mai tunawa.

3.0 ABUBUWAN DA KE ƁATA SHAIDAR SENSA

Sensa 'yar ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin bututun da ruwa ke ratsawa. Haske na faɗa mata sai ta fitar da 'yar wutar lantarki daidai gwargwadon ƙarfinsa, akwatin sarrafawa kuma ya mai da wannan wuta lamba. Matsalolinta guda uku ne.

Ta farko, tsufa. Hasken da take aunawa shi ne kuma ke cin ta a hankali, har awonta ya kauce daga gaskiya.

Ta biyu, dauɗa. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana ɗauke da ƙarfe ko farar ƙasa, waɗanda ke daskarewa a jikin kuben gilashin da ke kare fitila da kuma tagar sensa. Da damina kuma ruwa kan yi gurɓi, haske ya kasa ratsa shi.

Ta uku, wutar lantarki. Hawa da saukar wuta, da yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, suna rage kwanan fitila, suna kuma iya ƙona akwatin sarrafawa.

Abin lura a nan shi ne kuskuren sensa iri biyu ne, kuma ba su zama ɗaya ba. In ta nuna ƙasa da gaskiya, hasarar mai masana'anta ita ce ya canza fitila kafin lokacinta. In kuwa ta nuna sama da gaskiya, to jama'a ne za su sha ruwan da bai tsabtatu ba.

4.0 DABARUN DA AKA ƘIRƘIRO

4.1 Sabon sinadari. Sensoshin farko na silikon ne, mai ganin kowane irin haske, don haka sai an sa masa matacin haske a gaba, matacin kuwa yana lalacewa da daɗewa. Daga baya aka koma yin su da silikon-kabaid, wanda bisa halittarsa ba ya ganin hasken da idon mutum ke gani, yana kuma jure zafi da ƙarfin UV na tsawon lokaci.

4.2 Sensar gwaji. Kamar yadda ake gwada sikelin 'yan kasuwa da dutsen awo da aka tabbatar da nauyinsa, haka ake ajiye wata sensa a cikin akwati, ba a fito da ita sai ranar gwaji. Ƙa'idar W 294 ta Jamus ta daidaita girman gurbin sensa, yadda za a zare mai aiki a zura ta gwaji a wuri guda. Jagoran da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar cikin 2006 ya ba da shawarar a yi wannan gwaji kowane wata, kada kuma awon mai aiki ya ɗara na ta gwaji da fiye da kashi 20 cikin 100. Ita ta gwajin ma ana mai da ita wurin masu daidaitawa a ƙalla sau ɗaya a shekara.

4.3 Magogi. Manyan injuna suna da zobe mai kai da komo yana goge kuben fitila, wasu har da tagar sensa, ba sai an kwance injin ba.

4.4 Sifiri mai rai. A tsarin aika saƙo na miliamfiya 4 zuwa 20, ko babu haske sam sensa tana aika miliamfiya 4. Saboda haka in akwati ya ga sifiri tsantsa, ya san waya ce ta tsinke ko sensar ta mutu.

4.5 Bawul mai rufe kansa. Wutar lantarki ce ke riƙe shi a buɗe. Da zarar awo ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, ko wuta ta ɗauke, sai ya rufe ruwa ya tsaya, ƙararrawa ta buga. Hikimarsa ita ce ko da injin ya lalace, gurɓataccen ruwa ba zai kai ga leda ba.

4.6 Marfin gwada kai. Wannan dabara ta fito ne daga wani fage, watau tukwanen tururi na manyan masana'antu, inda sensar UV ke gadin harshen wuta. Irin wannan sensa takan lalace ta riƙa cewa akwai wuta alhali ta mutu, mai ya yi ta kwarara har tukunya ta fashe. Sai kamfanoni irin su Honeywell suka sa wani marfi da ke rufe mata ido sau da yawa cikin minti guda. In an rufe ta ci gaba da cewa tana ganin wuta, an kama ta da ƙarya, nan take a datse mai.

5.0 ABIN DA ZA MU IYA YI A NAN GIDA

Ba kowane mai masana'anta a Kudan ko Ikara zai iya sayen injin da ya haɗa dukkan waɗannan ba. Duk da haka akwai matakan da ba su fi ƙarfinsa ba:

(a) Ya rubuta ranar sa fitila a jikin injin, ya canza ta da cikar wa'adinta ko da tana haske.

(b) Ya tabbatar matatan ruwa suna gaban fitila, domin UV ba ya aiki sosai a cikin gurɓataccen ruwa.

(c) Ya riƙa wanke kuben gilashi da tagar sensa, bayan ya kashe fitila, domin haskenta yana ƙona ido da fata.

(d) Ya sa sitabilaiza, ya kuma bar fitila ta ɗumama na 'yan mintoci kafin a saki ruwa.

(e) In zai sayi sabon inji, ya nemi mai sensa da bawul, kada ya tsaya ga mai ƙirga awa kurum.

Sensar gwaji kuwa, masu sana'ar na ƙananan hukumomin nan uku suna iya haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya ta riƙa zagayawa. Sassan kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya ba su da nisa, ana iya neman su horar da 'yan duba-gari yadda ake wannan gwaji.

6.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan takarda cewa ido ba ya iya tantance ƙarfin fitilar UV, sai da sensa, ita ma sensar sai ana gwada ta da wata. UV ba ya barin komai a cikin ruwa da zai ci gaba da kare shi kamar yadda kulorin ke yi, don haka 'yan daƙiƙoƙin da ruwa ke yi a gaban fitila su ne kaɗai damar da ake da ita. Ina fata mahalarta wannan taro, musamman malaman kimiyya, za su sa wannan awo cikin darussan gwaje-gwajen da suke yi wa ɗalibansu.