Shamuwa ta iso Ƙonni: baƙuwar da ke shelar damina

Ƙasar Nijar ba ta da gaɓar teku, amma duk shekara tana karɓar baƙin tsuntsaye daga nesa. Wadda talakawa suka fi sani ita ce shamuwa, mai baƙin baya da farin ciki. Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, in an gan ta cikin watan Mayu tana ɗaukar kirare a baki, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi.

Shamuwa ba ta gudun mutane. Tana yin sheƙa bisa tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ta saka ƙwai biyu ko uku, mace da namiji suna kwanci bi da bi. In damina ta ƙare, sai ta bi ruwan sama zuwa gabashi da kudancin Afirka, har Tanzaniya da Zimbabuwe.

Abincinta fara ne da tsutsa da sauran ƙwari masu ɓarnar hatsi. Duk wanda ya ga abin da farar dango ta yi wa jahar Tawa a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, ya san darajar tsuntsun da ke cin fara ba tare da an biya shi ba.

Amma masaukinta na raguwa. Ana sare manyan itatuwa domin makamashi, yashi na cike tafkuna da madatsun ruwa na kwarin Majiya, maganin ƙwari kuma kan shiga cikin tsuntsu ta hanyar farar da ya ci.

Hukuma ta ɗauki matakai. Dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji, kuma a 2005 an saka tafkunan Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jerin Ramsar na dausayin da ke da muhimmanci ga duniya. Sai dai doka ba ta tsaron itacen ƙofar gida. Mai gida ke tsaronsa.

Mai son kallo ya fita da sassafe, ya tsaya nesa da sheƙa, ya kuma hana yara jifa. Dattawa na iya ƙirga sheƙunan garinsu kowace damina, domin yawansu ko ƙarancinsu labari ne game da lafiyar ƙasa. Garin da ya sare tsamiyarsa kada ya yi mamaki in baƙuwar ba ta sauka ba.