Tsarin gudanarwa "mai wa'adi" da yadda na'ura ke gwada shi

A cikin wannan ƴar maƙala za mu tattauna kalma guda, amma tilas mu bi ta kan abin da take nufi. Kalmar ita ce wadda Faransanci ke kira temps réel. Masu fassara sukan ce "nan take" ko "kai tsaye". A ganinmu duka biyun sun kauce, domin sauri suke nunawa, alhali ba sauri ne ake nufi ba. Mu duba waɗannan jimloli:

(1) Ya zo da sauri.
(2) Ya zo kafin wa'adi ya cika.

Ana iya samun (1) ba tare da (2) ba. Tsarin gudanarwar da ke cikin birkin mota ko na'urar jirgin sama, da (2) ake auna shi: amsa daidai wadda ta makara, kuskure ce. Shi ya sa muka zaɓi "mai wa'adi". Wanda ya koyi "nan take" zai je ya auna matsakaicin sauri, alhali abin aunawa shi ne jinkiri mafi muni.

Tun 1973 Liu da Layland suka nuna cewa idan ayyuka suna maimaituwa a kan ƙa'ida, aka fifita wanda ya fi saurin dawowa, to kowane zai cika wa'adinsa muddin nauyin bai wuce kimanin kashi 69 cikin 100 na ƙarfin na'urar ba. Amma da sharaɗi: kada ayyukan su dogara da juna. A nan gizo ke saƙa.

Mu ɗauki wata rijiya a Sarkin Yamma mai guga ɗaya. Yaro ya riga ya riƙe gugar. Ɗan aiken maigari ya iso da gaggawa, dole ya jira yaron ya gama. Sai yayyen yaron suka yi ta kiransa suna aikensa, shi kuwa ba ya iya ƙin su, kuma gugar tana hannunsa. Ke nan yayyen, waɗanda ba su kai ɗan aiken matsayi ba kuma ba ruwansu da guga, su ne suka tsare shi.

Haka ta faru ga kumbon Pathfinder da ya sauka a duniyar Mars ran 4 ga Yuli 1997, mai aiki da tsarin VxWorks. Ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ya riƙe abin da babban aikin rarraba bayanai ke bukata, ayyuka matsakaita suka hana ƙaramin gamawa. Wa'adin babban kuwa kashi ɗaya cikin takwas na sakan ne. Da ya wuce, sai wani aiki mai sa ido ya sake tayar da kwamfutar daga farko, kuma hakan ya maimaitu. Injiniyoyin JPL sun tayar da matsalar a kan tagwayen na'urar da ke ɗakin gwajinsu, suka aika gyara daga nan duniya. Gyaran shi ne a ara wa yaron girman ɗan aiken har ya saki guga, dabarar da Sha da Rajkumar da Lehoczky suka bayyana a 1990. Abin lura shi ne an taɓa ganin alamar matsalar kafin saukar, amma ta ƙi maimaituwa da aka neme ta.

Irin wannan kuskure mai ɓuya shi ya sa aka ɗora wa na'ura aikin gwaji. Mutum ya gwada sau goma ya gaji. Na'ura ta kwana tana yi. A tsarin Zephyr, alal misali, manhajar Twister tana gudanar da jerin gwaje-gwaje a kan na'urar kwaikwayo irin QEMU da kuma a kan allunan lantarki na gaske. Kwaikwayon yana nuna ko amsar daidai ce, amma agogonsa ba abin dogaro ba ne. Lokaci sai a kan allon gaske. A Linux, wanda ya shigar da sashensa mai wa'adi cikin babban tushensa a 2024, ana amfani da cyclictest: a tashi wani aiki a kai a kai, a auna makararsa, a labta wa na'urar kaya na sa'o'i, a riƙe adadi mafi girma.

Masu nazarin harshe ba baƙi ba ne ga matsalolin da suka rage. Ta farko ita ce wadda Labov ya yi bayani a 1972: kasancewar mai bincike tana sauya maganar wanda ake saurare. Haka manhajar da ke auna lokaci ita ma tana cin lokaci, har kuskuren ya kan ɓace idan an kunna ta. Ta biyu ta fi nauyi. Rashin samun wata jimla a cikin kaset ɗari bai sa ta zama haramtacciya a nahawu ba, kuma jinkiri mafi girma da aka gani a gwaji ba lalle shi ne mafi girman da zai yiwu ba. Don haka wasu suka koma ga hujjar lissafi, kamar masu tsarin seL4 a 2009, ko da yake hujjar tasu ta lokacin ingancin aiki ta shafa, ba wa'adi ba.

Saura bambancin wa'adin da saɓa shi ke jawo hasara da wanda ake iya yafewa. Muna ba da shawarar "wa'adi mai tsanani" da "wa'adi mai sassauci", kafin abokan aiki su kawo wanda ya fi.