Jitar hawa dandali: Abin da makaɗi zai duba kafin ya biya kuɗi

Sau da yawa jitar da ke da zaƙin amo a ɗaki ita ce ke kunyata mai ita a gaban taro. Da zarar an jona ta da lasifika an ƙara murya, sai kogon cikinta ya riƙa kama sautin da ke dawowa, ƙara mai huda kunne ta tashi. Shi ya sa makaɗa da dama ke zaɓar mai siririn jiki, irin Yamaha APX, ko su toshe bakin kogon da murfin roba.

Na'urar ɗaukar sauti ma abin dubawa ce. Ta fiyezo, wadda ke ƙarƙashin mazaunin tsirkiyoyi, ta fi jure hayaniya, sai dai amonta kan yi kaifi. Ƙaramin makirufo na ciki kuwa yana fitar da ainihin muryar katako, amma ya fi saurin tayar da ƙara.

Yawancin irin waɗannan jitoci na aiki da batir mai bolt 9, kuma idan ya mutu ana tsakiyar wasa, lasifika kan yi shiru. Don haka kada mai saye ya biya sai an jona jitar a shagon, ya ji ta da ƙarfin da zai kaɗa ta a filin biki.