Wassily Kandinsky

Wassily Kandinsky (1866–1944) mai zane ne ɗan ƙasar Rasha, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum ko dabba, sai launi da layi. An haife shi a Mosko, ya karanta shari'a, sannan ya tafi Munich ta Jamus a 1896 don koyon zane.

Sauti da launi

Kandinsky ya ce idan ya ji kiɗa yakan ga launuka. Masana suna kiran wannan yanayi sinestiziya, ko da yake sun saɓa kan ko da gaske yana da shi. Abin yana da wuyar faɗa da Hausa, domin aikatau "ji" ya ɗauki sauti da ƙamshi da ɗanɗano, amma launi sai "gani".

A littafinsa na 1911 ya danganta rawaya da ƙarar ƙahon Turawa (mai karatu ya tuna kakakin fadar Sarkin Daura), shuɗi mai haske kuma da sarewa. A Janairun shekarar ya saurari kiɗan Arnold Schoenberg a Munich, ya zana Impression III, inda rawaya ta mamaye gefen baƙin piyano.

Ya koyar a makarantar Bauhaus daga 1922 zuwa 1933. Ya rasu a Faransa.