Daga 'Yar Mai Awara Zuwa Burus Li

Na san yau wasunku za su ce me ya haɗa wannan da maganar faɗa, ita da muka sani da labarin soyayya? To ku dakata ku ji. Ina cikin rubuta sabon littafina ne na zo inda wani ɗan iska ya tare tauraruwar labarin a lungu tana dawowa daga makaranta, sai alƙalamina ya tsaya cak. Na gaji da sa saurayi ya faɗo daga sama ya cece ta. Ni kaina an taɓa tare ni haka ina aji huɗu, kuma wallahi babu saurayin da ya ɓullo, ƙafata ce ta fisshe ni, har takalmi ɗaya na baro a wajen. Da na kai wa Yayana kukana, shi da yake mayen fim ɗin Canis ne, sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai je ki binciki Burus Li, asalin faɗansa ma na mace ne." Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Ashe da ƙamshin gaskiya. Faɗan da Burus Li ya koya sunansa Win Cun, kuma masu yin sa suna da labarin da suke ba ɗalibansu, duk da dai ya fi kama da almara. Wai a kudancin ƙasar Sin an yi wata budurwa, Yim Win Cun, 'yar wani mai sayar da awara, har an yi mata baiko. Sai wani ƙato mai ji da ƙarfi ya ce ko ana so ko ba a so shi zai aure ta. Kin ji auren dole tun a can! Wata tsohuwa mai zaman bauta a gidan ibadar Buda, Ng Mui, ita ta ja yarinyar gefe ta koya mata yadda marar ƙarfi ke kayar da mai ƙarfi. Yarinya ta dawo ta ce da ƙaton su gwada, in ya ka da ita ta yarda. Ta lallasa shi, ta auri wanda take so.

Shi kuwa Burus Li a San Faransisko ta Amurka aka haife shi a 1940, amma a Hong Kong ya tashi, a nan ya koyi Win Cun wajen malaminsa Ip Man. Abin da ya ba ni dariya, a 1958 gasar rawar ca-ca ya ci, mutumin da muke gani yana farfasa ƙarti. A 1959 ya koma Amurka, daga baya ya buɗe makarantar faɗa. To a ƙarshen 1964 ne a garin Okland ya gwabza da wani gwani, Wong Jak Man. Matarsa Linda ta ce kamar minti 3 aka yi mijinta ya yi nasara, shi kuma Wong ya ce an fi minti 20. Koma dai wane ne mai gaskiya, Burus ya fito yana haki, ransa a ɓace, ya ce abin da ya gada bai wadatar ba.

Nan fa ya shiga tsince-tsince. Daga damben Turawa ya ɗauki takun ƙafa da kaucewa, har zama yake ya yi ta kallon finafinan damben Muhammad Ali. Daga wasan takobi na Turawa, wanda yayansa Pita yake yi, ya ɗauki dabarar soke abokin gaba daidai lokacin da ya yunƙuro. Daga Win Cun kuma ya riƙe kare tsakiyar jiki da danne hannun mutum don kada ya samu damar kai duka. A 1967 ya raɗa wa haɗin suna Jit Kun Do, wato hanyar naushin da ke tare naushi.

Tarewar nan ita ce zuciyar abin. Maimakon ki kare duka sannan ki rama, aiki biyu ke nan, sai ki tarye shi tun yana hanya. Kuma hannunki da ƙafarki masu ƙarfi su ne a gaba. Kin ga a damben gargajiya namu hannun da aka naɗe yana baya ne, ɗayan yana gaba yana garkuwa, to shi juya abin ya yi, wai makamin da ya fi kyau ya fi kusa da abokin gaba. Irin tsallen nan da shurin kai da muke tafa wa a fim, yawanci na fim ne kawai. A koyarwarsa shuri ƙasa yake zuwa, gwiwa ko ƙwauri, ga kuma tsokane ido da yatsu. Ni wannan ya fi burge ni, don mai zani da hijabi ma za ta iya ɗaga ƙafa zuwa ƙwauri.

Bai daɗe ba, ya mutu a Hong Kong ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32. Ɗalibansa irin su Dan Inosanto suka ci gaba da koyarwa, kuma har yau ana ja-in-ja, wasu na cewa a tsaya a kan abin da ya bari, wasu na cewa a ci gaba da tsintowa kamar yadda ya yi.

Amma fa kada wata ta karanta wannan ta je tana neman ƙarti da faɗa ta ce ni na aike ta. Ni da na gwada shurin a jikin turmin Inna, kwana uku ina ɗingishi, Yaya yana ta yi min dariya. Duk da haka na koma kan littafina. Tauraruwata ba ta jira kowa ba, yana miƙo hannu ta sakar masa dunduniya a ƙwauri, ta kwarma ihu, ta zuba da gudu sai gida. Saurayin nata sai washegari ya ji labari, kuma takalmanta duka biyun suna ƙafarta.