Bayan Duwatsun Atlas: Ƙauyukan Jan Ƙasa da Kwarin Dabino na Kudancin Maroko

Duwatsun Atlas sun raba ƙasar Maroko gida biyu. Ta arewa da yamma akwai filayen noma da manyan birane, irin su Kasabalanka da Fas da Marakish. Ta kudu da gabas kuma ƙasa ce busasshiya, mai jan dutse, wadda koguna ƙalilan ke ratsawa suna gangarawa zuwa Sahara. A bakin waɗannan koguna mutane suka kafa ƙauyuka na ginin ƙasa, suka dasa dabino, kuma ta nan ayarin raƙuma ya riƙa fita zuwa Tumbutu da sauran ƙasashen baƙar fata shekaru aru-aru. Yankin ya yi suna wajen masu yawon buɗe ido saboda kyan tsarinsa, amma har gobe ƙasar manoma ce da makiyaya, kuma abin da ya fi cancantar kallo a cikinsa shi ne yadda mutanensa ke sarrafa ƙasa da ruwa.

Tafiyar kan fara ne daga Marakish, domin a nan layin dogo ya ƙare. Daga nan sai mota: ko manyan motocin safa na kamfanin CTM da Supratours, ko tasi mai lodin mutum shida, ko shatar mota da direbanta. Zuwa Warzazat tafiyar kusan kilomita 200 ce, amma tana cin wajen awa huɗu, saboda titin yana ta nannaɗe jikin dutse har ya kai mashigar Tizi n'Tishka, wadda tsayinta ya haura mita 2,200 daga doron teku. A hunturu dusar ƙanƙara kan toshe mashigar, a tsayar da motoci sai an share. Ana hawa ana ganin ƙauyuka manne da gefen dutse, launinsu ɗaya da ƙasar da aka gina su a kai, ga ƙananan gonaki hawa-hawa kamar matakala, an tokare kowace da jeren duwatsu don kada ruwa ya zaizaye ta.

Mazauna wurin Amazik ne, waɗanda Larabawa ke kira Barbar, kuma 'yan'uwan Buzaye ne ta harshe. Tun daga 2011 tsarin mulkin ƙasar ya amince da harshensu a hukumance tare da Larabci, shi ya sa allunan makarantu da ofisoshi ke ɗauke da rubutun Tifinag. Wanda ya taɓa ganin rubutun Buzaye a Agadas zai gane kamanninsa nan take.

Mai ƙarfin ƙafa yana iya ratsewa tun kafin wannan hanya ya nufi Imlil, ƙauyen da ke kudu da Marakish da kimanin kilomita 65. Daga nan ake hawa Tubkal, dutse mafi tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167. Kwana biyu ake yi: ranar farko a kai masaukin da ke wajen mita 3,200, alfadarai na ɗauke da kaya, washegari a yi asubanci zuwa ƙololuwa. Hukuma ba ta barin baƙo ya hau ba ja-gora. Wannan ɓangare ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna. Ta kashe mutum kusan 3,000, ta rusa ƙauyuka da dama, ta kuma ragargaza masallacin Tinmal da aka gina tun ƙarni na 12. Kuɗin da baƙo ya kashe a masaukin ɗan ƙauye ko wajen mai alfadari yana shiga gidan da ke da buƙatarsa.

Bayan an tsallake Tishka akwai ƙaramar hanya da ke bi ta Teluwat, mazaunin gidan Galawi, waɗanda suka yi arziki da harajin ayari da haƙar gishiri. Ɗansu Tuhami al-Galawi ya riƙe sarautar Marakish a zamanin mulkin Faransa, ya rasu a 1956, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai. Daga Teluwat hanyar na bin kogin Unila har Ait Bin Haddu, kuma a nan ya kamata a yada zango.

Ait Bin Haddu irin garin da ake kira kasar ne, wato ƙauye mai ganuwa, gidajensa haɗe da juna, suna hawa jikin tudu. Manyan gidajen cikinsa masu hasumiya a kusurwa huɗu su ake kira kasba. A can saman tudun akwai rumbun gari, inda kowane gida ke ajiye hatsinsa a wurin da mahara ba za su kai ba sai sun ci garin gaba ɗaya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, kuma mafi tsufan gine-ginen da ke tsaye ba su wuce ƙarni na 17 ba. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya tashi a gidan ƙasa: gini irin wannan ba ya daɗewa sai da yaɓe, in aka bar shi damina kaɗan ta ishe shi.

Yadda suke ginin ya bambanta da na magina Hausawa, kuma bambancin abin tsayawa a duba ne. A ƙasar Hausa ana mulmula tubali da hannu, a shanya, a jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A can kuwa ana kafa allunan katako biyu suna fuskantar juna, a zuba ƙasa mai ɗan danshi a tsakaninsu, a yi ta kirɓa ta da taɓarya har ta daskare, sannan a kwance allunan a matsa gaba. Ramukan da ake gani jere a jikin bango gurbin sandunan da suka riƙe allunan ne. Sai an kai hawan sama ake komawa ga bulo na ƙasa, da shi ake fitar da zane-zanen da ke ƙawata hasumiyoyi. Rufi kuma kusan ɗaya ne da na soro: itacen dabino a madadin azarar giginya, a shimfiɗa kara, a zuba ƙasa, a fitar da indararo. Kaurin bango ke sa ɗaki ya yi sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da dare.

Yawancin iyalan garin sun ƙaura zuwa sabon ƙauye a tsallaken kogi, gidaje kaɗan suka rage a ciki, lungunan kuma sun cika da masu sayar da darduma da tsaraba. Masu shirya fim sun daɗe suna aiki a wurin, an ɗauki sassan Gladiator a nan. Da hantsi motocin baƙi kan cika shi, saboda haka wanda ya kwana a ƙauyen ya shiga da sassafe, ko bayan la'asar lokacin da rana ke mayar da bangon ja wur, shi ya ga garin.

Warzazat, kilomita 30 gaba, gari ne na hutawa da canjin mota. Akwai kasbar Taurirt, da wurin shirya fina-finai na Atlas, da kuma tashar wutar hasken rana ta Noor, mai ƙarfin megawat 580, wadda ake hango hasumiyarta tana ƙyalli daga nesa. Kusa da garin akwai madatsar ruwa ta Mansur az-Zahabi, kuma daga garin ne hanya ta rabu biyu.

Ta kudu ita ce kwarin Dara'a. Kogin Dara'a shi ne mafi tsawo a Maroko, kimanin kilomita 1,100, ko da yake ruwansa ba safai yake kaiwa teku ba. Daga Agdaz zuwa Mahamid, tafiyar wajen kilomita 200, kurmin dabino ne ke bin kogin kamar koren zare a kan jan ƙyalle. Daga cikin mota dabino kawai ake gani. Sai an sauka an shiga da ƙafa ake fahimtar cewa noman hawa uku ne. Dabino na sama yana tare zafin rana, a ƙarƙashinsa rumman da ɓaure da zaitun, a ƙasa kuma sha'ir da alkama da lalle da ciyawar dabbobi. Ruwa na zuwa ta magudanai, kuma da lokaci ake raba shi: kowane gida yana da sa'o'insa, in lokacinsa ya cika a toshe bakin gonarsa da ƙasa a buɗe ta maƙwabci. Haƙƙin ruwa gado ne, ana iya sayar da shi ko a ba da haya daban da gonar. A wasu wurare, musamman yankin Tafilalt da ke gabas, akwai khattara, jerin rijiyoyi da aka haɗa ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa na gangarowa da kansa daga gindin dutse zuwa gonaki ba inji ba guga.

Wannan tsari yana cikin matsi. Fari ya yawaita, cutar bayud ta kashe dabino masu ɗimbin yawa tun ƙarnin da ya wuce, noman kankana da rijiyoyin burtsatse ya janye ruwan ƙasa a wajen Zagora, samari kuma suna tafiya birni. A ƙarshen kwarin ana ganin itatuwan da suka bushe a tsaye, yashi na cin gonaki. Duk da haka, a watan Oktoba, lokacin girbin dabino, kasuwanni kan cika da iri-iri, daga majhul mai tsada zuwa bufaggus da jihal.

A Zagora akwai allon nan da ya shahara, mai cewa daga nan zuwa Tumbutu kwana 52 ne a kan raƙumi. Ta wannan kwari rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta bi ta ƙetare Sahara, ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Kimanin kilomita 20 gaba akwai Tamgurut, inda zawiyyar Nasiriyya ta bunƙasa a ƙarni na 17. Ɗakin karatunta na riƙe da dubban littattafai rubutun hannu, na tafsiri da fiƙihu da likitanci da ilimin taurari. Almajirin da ya yi tsangaya ba zai ji baƙunta ba, don mazhabar Malikiyya ce, karatun Warshu ne, rubutun ma ɗan'uwan wanda ake yi a allo ne, fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama. A bayan zawiyyar akwai unguwar magina tukwane, masu koren fenti da ba a samun irinsa a wani wuri, ana iya tsayawa a ga yadda suke gasa su a murhun ƙasa.

Hanyar gabas ta fi yawan baƙi. Tana bi ta Sukura mai kasbar Amridil, sai Kal'at Maguna, inda ake shuka furen wardi a gefen gonaki, a tsinke shi da asuba a watan Afrilu da Mayu, a tace ruwansa da mansa na turare. Ana bikin girbinsa a watan Mayu. Daga nan sai kwazazzabon Dadis, sannan na Todga kusa da Tingir, inda bangon dutse biyu masu tsayin sama da mita 150 suka matso har tsakaninsu bai fi mita 10 ba, ruwa mai sanyi na bi ta tsakiya.

Ƙarshen hanyar Tafilalt ce. A gefen garin Risani akwai kufan Sijilmasa, birnin da aka kafa a 757, wanda ya zama babbar tashar zinariya da gishiri da bayi. Daga nan Ibn Baɗuɗa ya shiga ayari zuwa Mali a 1352, ya dawo ta Takadda da ke ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci cewa ana kai tagullar Takadda Gobir da Barno. Jemammiyar fatar jan akuya ta ƙasar Hausa ma ta ƙetare hamada zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta a can suka kira ta fatar Maroko. Abin da ya rage na Sijilmasa ɗan guntun bango ne da tarin ƙasa. Kasuwar Risani kuwa tana ci ranar Talata da Alhamis da Lahadi, da filin ɗaure jakuna, da turken tumaki, da rumfunan dabino, da wata gurasa mai nama da albasa a ciki da ake kira madfuna. Ciniki da tayi ake yi, kamar a kowace kasuwar ƙauye.

Kudu da Risani tuddan yashi na Irg Shabbi suka taso a gefen Marzuga, wasu sun kai mita 150. Ana hawa raƙumi da yamma a kwana a tanti, a tashi kallon fitowar rana. Ga wanda ya san hamadar Tenere wannan ƙaramin abu ne, kuma motoci da babura masu ƙafa huɗu sun rage masa natsuwa. Abin da ya fi shi ma'ana shi ne ƙauyen Khamliya, mazaunin Ganawa, jikokin baƙaƙen da aka kai arewa a matsayin bayi. Kiɗansu na gimbiri mai tsirkiya uku, ɗan'uwan molo, da ganguna da ƙarafan da ake kaɗawa da hannu, asalinsa na zikiri da neman waraka ne, kuma UNESCO ta sa kiɗan Ganawa cikin al'adun gado na duniya a 2019.

Masauki mafi dacewa a duk yankin shi ne gidan baƙi na iyali, inda ake cin abin da masu gida ke ci: tajin da aka dafa a kasko mai murfi kamar malfa, gurasar da aka gasa a tanderu, kuskus ranar Juma'a, da shayin na'ana'a wanda ƙin karɓarsa rashin ladabi ne. Ba a ɗaukar hoton mutane, balle mata, sai da izini. Kuɗin ƙasar dirhami ne, kuma a ƙauyuka tsaba ake karɓa. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40 a kwaruruka, a Disamba da Janairu kuma sanyin dare ya fi na hunturun Kano nesa ba kusa ba, ɗakunan ƙasa da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki sai bargo. Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba su ne lokutan zuwa. Kamfanonin Marakish suna sayar da zagayen kwana uku zuwa Marzuga da dawowa, wanda yawancinsa a cikin mota yake ƙarewa, don komawar kaɗai tana cin wajen awa tara. Hanyar gabas da kwarin Dara'a tare suna buƙatar mako guda, in an haɗa da hawan Tubkal kuwa kwana goma.